Na auna idon dubban mutane, ban auna na Yayata ba

Mahaifina tela ne. Rumfarsa tana bakin kasuwar Maradi, kekensa baƙi ne mai tafiya da ƙafa, kuma har ya bar sana'ar ban taɓa ganin ya miƙa wa yaro allura ya ce a zura masa zare ba. Sai ya lashi bakin zaren, ya murza shi, ya ɗaga allurar wajen haske, tashi ɗaya ya shige. Shi ya sa babu wanda ya yarda idonsa ne ke ciwo lokacin da ya fara tuntuɓe da buta a tsakar gida. Mai ganin kafar allura, ta yaya za a ce bai ga turmi ba? Inna ta ce gajiya ce. Abokan rumfa suka ce bashi ne ya raba masa hankali. Ranar da amalanken shanu ya goge shi a kafaɗa a hanyar Bagalam, ya rantse da Allah bai ga tahowarsa ba, sai magana ta koma kan sammu.

Ina da shekara 10 a lokacin, ni ne auta a ɗakinmu. An yi rubutu an wanke an shafa, an yi hayaƙi, an sa tozali iri-iri. Har wani mai magani da ke bin kasuwanni yana ture wa tsofaffi yanar ido da tsinke aka kawo gida. Allah ya saka masa da alheri, mutumin ya buɗe idon Baba ya duba, ya ce shi bai ga yanar da zai ture ba, ido garau yake kamar na yaro. Ya naɗe kayansa, ko dala bai karɓa ba.

Da abin ya ci tura, Inna ta sayar da tumakinta biyu aka ɗauki Baba zuwa asibitin ido a Kano, ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. Yayata ce ta raka shi, tana da shekara 14, don ita ce mai wayon riƙe kuɗi. Baba ya tafi da tabbacin za a wanke masa ido ya dawo rumfa, kamar yadda aka yi wa wani maƙwabcinmu mai yana. Suka dawo da ƴar kwalba guda. Likita ya ce na dama ya riga ya tafi, na hagu kuma sai dai a riƙe abin da ya rage, a yi ta ɗiga magani sau 4 a rana har ƙarshen rai. Maganin yana sa masa ciwon goshi, yana ƙara duhunta masa ɗaki. Ya jure wata guda, sannan ya ce wane irin magani ne wannan da ba ya ƙara gani sai ragewa, ya jefa kwalbar cikin aljihun keke tare da tsofaffin maɓallai. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yau ma ban gani ba.

Bayan shekara biyu sai sanda. Bisa al'ada ɗa namiji ne ke jagora, kuma na riƙe sandar tsawon hutun damina guda. Da aka koma karatu Baba ya ce, “Auta shi koma lakwal.” Yaya aka cire, alhali ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Ita ke kai shi ƙofar masallaci, ita ke kai shi rumfa ya zauna a gaisa da mutane, ita ke gaya masa wane ne ya wuce bai yi sallama ba. Da maganar aurenta ta taso, roƙo ɗaya ta yi: kada a kai ta nesa da unguwa. Baba ya rasu ina lise, wato babbar sakandare.

Na ci bak, jarrabawar gama sakandare, a 1989 na tafi Yamai karatun likita. Ban cika wata 5 a can ba aka yi 9 ga Fabrairu 1990, ranar da ɗalibai suka fito zuwa gadar Kennedy aka buɗe musu wuta, uku suka rasu. Shekarar ta tafi a banza, ba ita kaɗai ba kuma. Kuɗin tallafi sai ya yi watanni bai zo ba. Abin da ya riƙe ni shi ne buhun da Yaya ke ba wani direba duk ƙarshen wata: ƙuli-ƙuli, garin rogo, kwalbar man gyaɗa, a tsakiyar ƙuli-ƙulin kuma ƴan kuɗi a ƙulle cikin leda. Sana'arta ke nan tun da ta yi aure, suyar gyaɗa da matsar mai. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa gida biyu, littattafan da ke zuwa daga Faransa suka ninka kuɗi, mu shida muka koma karatu da littafi guda. A watan ma ledar ba ta fasa zuwa ba. Daga baya na ji zannuwan aurenta ne suka tafi.

Da na gama aka tura ni wani asibitin gunduma inda likita guda ke yin komai, daga fiɗar mai naƙuda har ƙyanda. Tsofaffi na zuwa da ƴan jagora, ni kuwa abin da ke hannuna na ido bai wuce man shafawa na tetarasikilin ba. Sai na ba su, mu rabu da addu'a. Wannan ya tura ni neman gurbi a IOTA, cibiyar ido da ke Bamako tun 1953, inda yawancin likitocin ido na ƙasashenmu masu Faransanci suka yi karatu. Shekara 4 ake yi.

A watannin farko wani malaminmu ya zaunar da ni gaban wani dattijo Babambare, ya ce in leƙa ƙasan idonsa in faɗi abin da na gani. Kan jijiyar gani, in lafiya lau take, zobe ne mai jaja-jaja da ɗan rami a tsakiya. Na wannan dattijo fari ne fat, a rarake, kamar ƙoƙon da aka suɗe. Malam ya ce wa dattijon ya duba agogon hannunsa, ya faɗi lokaci daidai har da minti. Da ya tashi fita kuwa, jikansa ne ya kama masa hannu don kada ya bugi ƙyaure. Na nemi izini na fita, na zauna a gindin wata bishiya. Shekara ashirin da wani abu bayan turmi da buta, ranar na san abin da ya sami mahaifina.

Mu a nan tansiyon ido muke cewa, a Najeriya hawan jinin ido, a littafi kuma gulokoma. Sunayen gidan suna ruɗa mutane, don ba jini ba ne. Na sha jin “ai ina shan maganin tansiyo, Likita”, alhali wancan daban wannan daban. Cikin ido akwai wani ruwa garai-garai, ba hawaye ba, da ake yi kullum yana fita kullum ta wani ɗan rariya a lungun da baƙin ido ya haɗu da fari. In rariyar ta fara toshewa, ruwa bai daina zuwa ba, sai matsi ya ƙaru. Ga yawancin mutane awon yana tsakanin 10 da 21. Matsin yana danne jijiyar gani, wadda tufka ce ta zare fiye da miliyan guda, sai zaren su yi ta tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya tsinke ya tsinke ke nan. Na gefe ne ke fara tafiya, na tsakiya su ne na ƙarshe. Ga amsar allura da turmi. Irin wanda ya fi yawa a wajenmu ba ya zafi, ba ya sa ja, ba ya kawo kwantsa, irin cizon ɓera ne, yana ci yana hurawa. Baƙar fata ya fi kamawa, da wuri yake kama mu, kuma ya fi mana mugunta. Sannan yana bin jini: wanda uwarsa ko ubansa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ke da shi, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane sau da yawa. Maganin da Baba ya jefar ma na gane shi, filokarfin ne, mai tsuke ƙwayar ido, kuma duk abin da ya faɗa a kansa gaskiya ne.

Na dawo gida na samu shiga koyarwa a Yamai. A nan ne zuciyata ta sauya alƙibla ban lura ba. Aikin jami'a tsani ne, kowane mataki kuma takarda yake ci. Hukumar CAMES, mai mazauni a Wagadugu, ita ke tantance malaman ƙasashenmu: daga asistan zuwa metir-asistan, daga nan sai babbar gasar agiregasiyo, wadda a fannin likitanci sai bayan shekara 2 ake yin ta. Wanda ya haye ta shi ake fara kira farfesa. Ban ce tsarin ba shi da kyau ba, ya hana a naɗa wa jahili rawani. Amma ni sai ya kasance in majinyaci ya zauna gabana, kafin in gama jin kukansa na riga na lissafa wace kasida zai shiga. Ina zuwa taro Dakar, ina zuwa Abijan. Akwai alƙaluman da na haddace kamar Fatiha, na babban binciken makanta da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007: cikin masu shekara 40 zuwa sama, kusan 5 cikin 100 suna da cutar, fiye da 9 cikin 10 na masu ita ba su san suna da ita ba, 1 cikin 5 kuma ya riga ya makance. Nakan ƙara da cewa iyakar da ke tsakanin Maradi da Katsina ido bai san da ita ba. Kuma kowace lacca da magana guda nake rufe ta: a auna ƴan'uwan majinyaci. Ana tafa mini.

Wani dare cikin hunturu, ina gyaran wata kasida da aka dawo mini da ita, Yaya ta kira. Ta ce idonta na ƙaiƙayi, ya yi ja, hayaƙin suya da ƙurar buji sun dame ta. Na ce ta ba ɗanta wayar. Na faɗa masa sunan wani maganin ɗigawa mai kortizon a ciki, na ce a ɗiga sati guda a bari. Duka maganar ba ta kai minti 3 ba. Na koma kan kasidata.

Maganin ya yi mata daɗi, don kortizon akwai kwantar da ƙaiƙayi. Da ya ƙare ta aika da kwalbar aka sayo wani, in babu a farmasi a samo wajen masu tebur a kasuwa, ba mai tambayar takardar likita. Ni kuma ban sake tambaya ba. Kortizon a ido, in aka daɗe ana sa shi, yana ɗaga matsi ga wasu mutane, kuma waɗanda cutar ke gidansu su ne kan gaba. Wannan darasi ne da nake koya wa ɗalibai da bakina, har ina sa shi a jarrabawa.

Ba a ce ba ta tuna mini ba. Wata rana muna waya ta ce, “Auta, likitan Kano hwa ya ce mu ma in mun manyanta a riƙa auna mu. Ni na ji da kunnena.” Na ce in na zo Sallah. Na zo Sallah, kwana 2, da kwamfuta a jaka, ba na'urar awo. Daga baya ta ce da magariba ba ta gani sosai, har ta yi ɓarin kaskon mai. Na ce shekaru ne, Yaya, na aika mata da tabarau na karatu ta hannun direba. Direban nan dai, ko ɗansa, wanda ke kawo mini ƙuli-ƙuli.

Ana cikin haka na shiga gasar agiregasiyo. Gasar tana da matakai: a fara da tattauna ayyukanka da rubuce-rubucenka, sai darasi a gaban alƙalai, sai gwaji a kan majinyaci. Wanda ya faɗi mataki ba ya ganin na gaba. A na farko na tsaya. Shugaban alƙalan, wani dattijo mai sanyin murya, ya yi ta juya kundina, sannan ya ce ya ga na iya ƙidayar waɗanda suka zo mini a makare, yana so ya ji cikinsu nawa ne na san halin da suke ciki bayan shekara guda. Na buɗe baki ban sami abin faɗi ba. Na yi kwanaki ina cewa an zalunce ni. Ba a zalunce ni ba, tambayar ce ba ni da amsarta.

Na taho Maradi ne don in ɓuya daga gaisuwar jaje ta abokan aiki, ba don zumunci ba, wannan ma gara in faɗa. Na isa gidan Yaya bayan la'asar. Tana zaune bakin murhu, na yi sallama ta damanta. Ta amsa da murna, amma sai da ta juyo da jikinta gaba ɗaya tana lalube da fuska kafin ta same ni. Ta kawo mini ruwa, ta miƙa kofin ɗan gefe da inda hannuna yake. Da ta tashi shiga ɗaki na ga tana shafa bango da yatsu. Na bi bangon da kallo: wani baƙin layi na maiƙo, daidai tsayin hannunta, ya taso daga madafa ya bi ta ƙofar ɗaki har bakin zaure. Ba aikin sati ba ne, ba na wata ba. A kan tagar ɗakin kuma ga kwalaben maganin nan a jere, ta ajiye su wai ko za su yi amfani. Na fara ƙirgawa na bari.

Da safe na roƙi wani abokin aiki ɗakin awonsa. Dama 46, hagu 34. Na leƙa ƙasan idon dama na ga ƙoƙon nan da aka suɗe. Na hagu da ɗan sauran baki-baki.

Na fitar da kowa na ja kujera kusa da ita. Na ce, “Yaya, ciwon Baba ne. Kuma maganin da na ce a saya miki shi ya ƙara hura wutar.”

Ta ce, “Kai sati guda ka ce. Ni na zarce.”

Na ce ni ne likita, ni ya kamata in sani, ni ya kamata in zo in auna ta tun shekara goma da suka wuce. Ina magana murya na rawa. Ta bari na gama, sannan ta ce, “To mi kake so in yi maka, Auta? In yi kuka ka ji sanyi? Hwaɗa mini abin da ya saura.”

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Har yau ba ta taɓa tayar da maganar ba, kuma ta hana ƴaƴanta. Babban ɗanta ne kawai, wanda ya rubuta sunan maganin a daren, ya yi kusan shekara ba ya haɗa ido da ni, ban sani ba ko ni yake tuhuma ko kansa.

Muka tsayar da kortizon, muka sa magungunan ɗigawa iri biyu da ƙwayar Diamox, wadda ke sa mata jin kamar kiyashi na bin yatsunta. Matsin ya sauka amma bai kai inda jijiyar da ta gaji haka za ta iya ɗauka ba. Sai aiki. Ana yanka wata ƴar ƙofa ce a farin ido, ƙarƙashin fatar sama, ruwan ya riƙa tsiyaya a hankali. Tun 1968 ake yin sa. Matsalarmu mu baƙaƙe jikinmu na saurin haɗe rauni, sai ƙofar ta rufe, shi ya sa ake shafa wani magani mai suna mitomisin don ya hana. Aikin ba ya dawo da gani ko na ƙwayar gero, tsare saura kawai yake yi, kuma a idon da ya kai wannan hali akwai ɗan haɗarin sauran ma ya tafi. Mijinta da danginsa suka ce a'a, mai ido guda ba ya wasa da tsinke, suka kawo misalin wane da wane da aka yi wa aiki suka makance. Na san irin waɗannan labarai. Mafi yawa mutanen sun zo ne gani ya kusa ƙarewa, sun shiga da tsammanin irin sakamakon mai yana, suka fito ba abin da ya ƙaru, sai aiki ya ɗauki laifin cuta. Amma da wane baki zan yi musu? Ni ne na kai ta nan.

Ita ta yanke. Ta ce ta ga inda kwalba ta kai Baba, ita a yi mata. Sai dai ban iya riƙe wuƙar ba, abokin aikina ya yi. Na zauna a benci a waje cikin ƴan jinya, da kwanukan abinci da tabarmi, wurin da na shekara ina wucewa da farar riga ban taɓa sanin taurin katakonsa ba. Wata tsohuwa da ba ta san ni ba ta ce, “Ɗana, wa ka kawo?” Na ce yayata. Ta ce, “Allah shi ba ta lahiya. Ka kyauta da ka kawo ta da wuri.”

Matsin ya sauka zuwa 12, ya zauna a nan. Tana gani kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure. Tana gane fuska in ka tsaya daidai gabanta, tana ƙirga kuɗinta, amma ta bar bakin wuta, ƴarta ce ke suya yanzu.

Bayan haka na bi dangi gida-gida kamar mai karɓar haraji. Ƴan ɗakinmu, ƴan uba, ƴaƴan baffanni na Tsibiri da na Jiratawa, duk wanda ya kai 35 sai da na auna shi. Na samu mutum biyu, ɗaya direban babbar mota ne da ke ɗaukar kaya zuwa Kano bai san gefensa ya fara cinyewa ba. Mutum guda ne ban auna ba. Wanzami ba ya son jarfa. Wata 7 ina kewaye na'urar, ina ce wa kaina ai ina gani lau, maganar da in majinyaci ya faɗa mini nakan yi murmushi. Tsoron a fili yake: likitan ido da idonsa yake ci, aikin da muke yi a ƙarƙashin madubi yana son ido biyu. Wata ɗalibata ce ta kama ni. Ina nuna musu yadda ake awo, babu majinyaci a kusa, ta ce, “Malam, ka zauna in gwada a kanka mana.” A gaban ɗalibai ba halin ƙi. Ta auna, ta yi shiru, ta sake aunawa, ta ce wataƙila ita ce ba ta iya ba. Ta iya. Hagu 27, dama 24. Da na sa kaina cikin na'urar gwajin faɗin gani, wadda ake danna maɓalli duk sanda ɗigon haske ya bayyana, takardar ta fito da ɗan baƙin tabo a sama ta hagu. Ƙarami ne, har yau bai ƙaru ba, kuma ina aiki. Ina ɗiga latanofuros kowane dare. Yana tsawaita gashin ido, maiɗakina ta ce da ta san haka da ita ta fara.

Na nemi a mayar da ni Maradi. Abokai suka ce na binne kaina da raina, wa zai ji ɗuriyata daga can. Ga shi kuwa Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo tana da sashen lafiya, akwai ɗalibai, majinyata kuma har daga Dakoro da Mayahi da Tasawa, har da ƙetaren iyaka. Abu na farko da na saya babban littafin rajista ne. Duk wanda na samu da cutar sai na rubuta lambar wayarsa da ta ɗansa da sunan ƙauyensu, in ya wuce ranarsa a kira shi. Kowa kuma ina ba shi takarda ya kai wa ƴan'uwansa na ciki ɗaya. Kaɗan ne ke zuwa. Mutumin da ke gani lau ba zai bar gona ya biya kuɗin mota don takarda ba, wani kuma yana jin kunya a ce makanta na gidansu, saboda auren ƴaƴa. Na lura in na ce “ni ma ina da shi, ga kwalbata”, na fiddo ta daga aljihu, an fi saurarona fiye da duk alƙaluman da na haddace.

Littafin nan ya koya mini abin da taron Dakar bai koya mini ba. Duk bayan azumi sai in ga matsin mutanena ya hau. Ashe ajiye magani suke yi wata guda cur, don suna jin ɗacinsa a maƙogwaro, kuma sun ji malamai sun ce abin da ya kai maƙogwaro ya karya azumi. Ba fatawa ce aikina ba, lissafi kawai na yi: mai sau 2 a rana ya ɗiga da sahur da bayan shan ruwa, mai sau ɗaya dama da dare ne. Na kuma koya musu danne lungun ido ta wajen hanci na minti 2 bayan ɗigawa, don ta nan yake gangarawa. Wannan danniyar ma tana da wani amfani, musamman ga timolol, wanda shi ne mai araha amma ba a ba mai asma, don yana iya toshe masa numfashi. Na koyi tambayar mutum abin da yake samu a wata kafin in rubuta masa magani, domin maganin da ba zai iya saye ba har mutuwa daidai yake da kwalbar da ke aljihun keken Baba. Shi ya sa yanzu nake saurin kawo maganar aiki ga na ƙauye, ko da ƙa'idar littafi ta ce a fara da ɗigo.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, hanyar Kwatano ta toshe. Magunguna suka yi wuya suka yi tsada, waɗanda ke son sanyi kuma ba firji, sai a nannaɗe a leda a ajiye gindin randa. A watannin nan akwai sunayen da na ja wa layi a littafi, mutanen da na riƙe shekaru suka dawo da sanda. Lokacin na ƙara yarda da masu cewa hasken leza ya fi dacewa da irin ƙasarmu. A 2021 an wallafa binciken da aka yi a Moshi ta Tanzaniya, wanda ya nuna bayan shekara guda lezar ta fi timolol riƙe matsin ido. Zama ɗaya ne na ƴan mintuna, ba kwalba ba mantuwa. Sai dai na'urar akwai tsada, kuma ita ma wuta take ci.

Gasar kuwa sai da na bar zagaye uku suka wuce kafin in koma. Na je da kasidu ƙasa da na farko, yawancinsu daga littafin rajista suka fito: wa ya dawo, wa bai dawo ba, me ya hana shi. Allah ya ba ni sa'a na haye. Ina tsammanin zan yi tsalle, sai na ji gajiya kawai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, abin da ya yi ta yawo a kaina ke nan ana ta rungumata.

Na zo da rigar farfesan gidan Yaya cikin jaka. Ta ce in sa. Na sa na tsaya daidai gabanta, sai da ta ɗaga kai ta sauke sau uku kafin ta gan ni duka. Sannan ta kama gefen rigar ta juya cikinta, ta bi ɗinkin da babban yatsa tun daga hannu har ƙasa. Ta ce, “Yadin da kyau. Amma wanda ya yi wannan kalmasa, da yaron Baba ne, da ya warware ta ya sake.” Jikokinta suka fashe da dariya. Ta ce in cire kada ta sha mai.

Kowane dare bayan isha'i wayata na ƙara, ko ina gida ko ina taro a wata ƙasa. Ba ta tsawaita gaisuwa. “Auta, ka ɗiga?” In na ce yanzu zan ɗiga, sai ta ce ba ta kashe wayar, tana jira.